Mai Dokar Barci a Ofishin Zaɓe

Ranar Litinin 28 ga Nuwamba, 2022, ita ce rana ta ƙarshe da dokar jihar Arizona ta bai wa gundumomi domin su tabbatar da sakamakon zaɓen tsakiyar zango da aka gudanar a farkon watan. A gundumar Cochise, can kudu maso gabashin jihar, a bakin iyakar Amurka da Meksiko, mutum uku ne wannan aiki ya rataya a wuyansu. Biyu daga cikinsu, Tom Crosby da Peggy Judd, 'yan jam'iyyar Republican, suka ce atafau ba za su sa hannu ba. Uzurinsu shi ne wai na'urorin ƙidaya ba su sami amincewar da doka ta shar'anta ba, alhali kuwa ofishin zaɓe na jiha ya riga ya aiko musu da takardun da ke nuna sun samu. Babu wanda ya kawo shaidar cewa an taɓa ƙuri'a ko guda a gundumar.

Abin al'ajabi a labarin shi ne, Cochise gidan 'yan Republican ce. Ƙuri'u kusan 47,000 da mutanen nan biyu suka riƙe, mafi yawansu na jam'iyyarsu ne. Da jiha ta haɗa jimillarta ba tare da su ba, da Juan Ciscomani, ɗan Republican da ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta tarayya da tazarar 'yan dubbai, ya wayi gari a ƙasa, 'yar takarar Democrat ta haye. Ba banza ba aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sai da alƙali ya tilasta musu a ranar 1 ga Disamba sannan aka tabbatar da sakamakon, kuma ko a ranar Crosby bai halarci zaman ba. Shekara guda bayan haka aka gurfanar da su biyun a gaban kotu, kuma a watan Oktoban 2024 Judd ta amsa laifin ƙin sauke nauyin da ke kanta a matsayin jami'ar zaɓe.

Idan ana maganar musanta sakamakon zaɓe a Amurka, hankali yakan tafi kan Donald Trump da abin da ya auku a ginin majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021. Amma Trump ba ya buga takardar ƙuri'a, ba ya riƙe rajista, ba ya ƙidaya. Masu yin waɗannan ayyuka ƙananan jami'ai ne da ko mutanen garinsu ba su cika sanin sunayensu ba. A ganina, ɓarnar da za ta fi daɗewa ita ce wadda ake yi a ofisoshinsu, kuma wanda ke fara ɗanɗana kuɗarta shi ne mai jefa ƙuri'a na wannan gundumar, wanda sau da yawa ɗan jam'iyyarsu ne.

Mai karatu da ya saba da tsarin da hukuma ɗaya ta ƙasa ke shirya zaɓen shugaban ƙasa tun daga rajista har zuwa sanarwa, sai ya ajiye wannan hoto a gefe. Amurka ba ta da hukuma irin INEC. Kowace jiha daga cikin 50 da dokokinta, ainihin aikin kuma yana hannun gundumomi fiye da 3,000, a wasu jihohin ma, kamar Mishigan da Wiskonsin, yana hannun magatakardan birane da ƙananan garuruwa. A yawancin jihohi babban jami'in zaɓe shi ne sakataren jiha, wanda shi kansa ɗan siyasa ne da ya nemi kujerar a inuwar jam'iyya. Haka magatakardan gundumomi da yawa. Alƙalin wasa ke nan sanye da rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke fili. Abin da ya riƙe tsarin tsawon zamani wata al'ada ce da kowa ya amince da ita: in an zo ƙidaya, a tuɓe rigar.

Shi kuwa tabbatar da sakamako, aikin lissafi ne. Hukumar gunduma za ta duba cewa kowace rumfa ta kawo nata, yawan ƙuri'un ya dace da yawan waɗanda suka zo, sannan ta tara jimilla ta miƙa wa jiha. Doka ba ta naɗa ta alƙalin maguɗi ba. Mai zargi yana da ƙofofin da aka tanadar masa: sake ƙidaya, binciken takardun ƙuri'a bayan zaɓe, da ƙarar zaɓe a kotu, inda ake rantsuwa, a kawo shaida, lauyan ɗaya ɓangaren ya titsiye mai shaida da tambayoyi. A jihohi da dama ba a ma iya buɗe waɗannan ƙofofi sai an tabbatar da sakamako tukuna. Saboda haka jami'in da ya ƙi sa hannu don yana zargin an yi maguɗi, ya toshe hanyar da za a bi a gano maguɗin, in ma akwai shi.

Kafin 2020 zaman tabbatar da sakamako zama ne da ɗan jarida ba ya ɓata man motarsa ya je. Abin ya canza ne ranar 17 ga Nuwamba na wannan shekara, a gundumar Wayne ta jihar Mishigan, inda birnin Detroit yake. 'Yan Republican biyu a hukumar mutum huɗu suka ƙi amincewa da sakamako, ɗaya daga cikinsu ma ta nuna cewa za ta iya amincewa da na sauran garuruwa, banda Detroit, birnin da mafi yawan mazaunansa baƙar fata ne. Jama'a suka yi musu ca, a daren suka janye. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Janairu, 2021, Trump ya kira sakataren jihar Jojiya, Brad Raffensperger, ya nemi ya samo masa ƙuri'u 11,780, wato ɗaya a kan tazarar 11,779 da Joe Biden ya ba shi a jihar. Raffensperger ɗan Republican ne, kuma ya ƙi.

Ba sai an tsaya dogon bayani a kan ko an yi maguɗin ba. Jojiya ta ƙirga ƙuri'unta sau uku, ɗaya daga ciki da hannu, takardu kusan miliyan 5. Ƙararraki fiye da 60 suka mutu a kotuna, wasu a gaban alƙalan da Trump da kansa ya naɗa. Ministan shari'arsa, William Barr, ya faɗi a farkon Disamban 2020 cewa ma'aikatarsa ba ta ga maguɗin da zai iya sauya sakamako ba. A Arizona, 'yan Republican na Majalisar Dattawan jiha sun ɗauko wani kamfani mai suna Cyber Ninjas ya sake ƙirga ƙuri'u sama da miliyan 2 na gundumar Maricopa; bayan watanni ana abu ɗaya, sai lissafinsa ya ƙara wa Biden ƙuri'u 99, ya rage wa Trump 261.

Darasin da masu musun suka ɗauka daga wannan duka shi ne cewa masu ƙananan kujeru ne suka hana su cin nasara, don haka sai a karɓe kujerun. Da ɗan gari akan ci gari. Aaron Van Langevelde, ɗan Republican ɗin da ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da sakamako a hukumar jihar Mishigan, jam'iyyarsa ba ta sake miƙa sunansa ba da wa'adinsa ya ƙare. A 2022 mutanen da suka musanta sakamakon 2020 suka sami tikitin takarar sakataren jiha: Mark Finchem a Arizona, Jim Marchant a Nebada, Kristina Karamo a Mishigan. Dukansu ukun sun faɗi, kuma jaridu suka yi ta murnar cewa an tsallake rijiya da baya. Sai dai idon duniya yana kan jihohin da ake kankankan ne kawai. A gundumomin karkara, inda jam'iyya ɗaya ke cin komai kuma zaɓen fidda gwani ne ainihin zaɓe, ba wanda ya tare hanya.

Gundumar Otero ta jihar Niyu Meksiko ta nuna yadda abin yake idan ya kai maƙura. A watan Yunin 2022 kwamishinoninta uku suka ƙi tabbatar da sakamakon zaɓen fidda gwani, a gundumar da Trump ya ci da gagarumin rinjaye. Kotun ƙolin jiha ta ba su umarni, biyu suka bi. Na ukun, Couy Griffin, ya tsaya a kan bakansa, ya kuma faɗi da bakinsa cewa ba wata shaida ya dogara da ita ba, jikinsa ne ya ba shi. Ni wannan furuci ya fi tsorata ni fiye da duk tatsuniyoyin da aka ƙaga a kan na'urori, domin tatsuniya ana iya bin diddiginta a ƙaryata ta. Abin da jikin mutum ya ba shi kuwa, babu lissafin da zai kai gare shi.

Yanzu sai tambayar da ta fi muhimmanci: me wannan ya yi wa wanda ya tashi da safe ya bi layi? Gaskiya ita ce, har yau babu inda ƙin sa hannu ya soke sakamakon zaɓe. Kowace hukumar da ta turje, ko dai ta janye da kanta ko kotu ta tilasta mata. Fitowar masu zaɓe ma ba ta rushe ba: kusan kashi 66 cikin ɗari na waɗanda suka cancanta ne suka yi zaɓe a 2020, adadin da ba a ga irinsa ba cikin fiye da shekara ɗari, a 2024 kuma wajen kashi 64. Wanda ya ce masu musu sun hana Amurkawa zaɓe ya zarce abin da alƙaluma suka nuna. Illar tana bin wasu hanyoyi ne da ba su da ƙara.

Ɗauki batun rajista. A 2012 wasu jihohi suka kafa wani tsari na musayar bayanai da ake kira ERIC, domin a gano wanda ya mutu, wanda ya ƙaura zuwa wata jiha, da wanda ya yi zaɓe sau biyu. A ƙasar da ba ta da rajista ta tarayya, wannan ne makami mafi kaifi na kama irin maguɗin da masu musu ke kuka da shi. Da wasu kafofin intanet suka fara yaɗa cewa makircin 'yan Democrat ne, sai jihohin da 'yan Republican ke mulki suka fara ficewa: Luwiziyana ta fara, a 2023 kuma Alabama, Fulorida, Misuri, Ohayo, Ayowa, Teksas da wasu suka bi. Sun fita da sunan tsaftace rajista, suka bar kansu da rajistar da ta fi wuyar tsaftacewa. A Jojiya kuma, dokar zaɓe ta 2021 ta fayyace cewa mutum ɗaya zai iya ƙalubalantar cancantar masu rajista ko nawa ya ga dama. Sai ga 'yan tsirarun mutane sun shigar da ƙorafi a kan dubun-dubatar sunaye. Mafi yawan ƙorafin an yi watsi da su, amma sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda abin ya faɗa a kansa, ɗalibi ko wanda ya sauya gidan haya, yakan sami takarda cewa ya zo ya tabbatar shi mazaunin gunduma ne. Mai aikin da ba a biyansa sai ya je, ba kullum yake iya zuwa ba.

Sai ƙidayar hannu, wadda ke buƙatar ɗan bayani, domin a wurinmu ƙirga ƙuri'a da hannu a gaban jama'a shi ne alamar gaskiya. Bambancin yana cikin takardar. Tamu tambaya ɗaya ke kanta. Ta Ba'amurke tana iya ɗaukar tambaya ashirin, talatin ko fiye: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisa, alƙalai, shugaban 'yan sandan gunduma, hukumar makarantu, har da ƙuri'ar raba gardama a kan haraji. Shi ya sa suke ƙirgawa da na'ura, sannan a ɗebi wasu takardu a ƙirga da hannu a gwada. Gundumar Nye ta Nebada ta ce ita da hannu za ta yi a 2022. A ranar farko manema labarai suka ga ayarin mutum biyar ya shafe kusan sa'a uku a kan takardu 50. Gundumar Shasta ta Kalifoniya ta soke kwangilarta da kamfanin Dominion a farkon 2023 ba tare da ta tanadi madadinsa ba, har sai da majalisar jiha ta yi dokar da ta taƙaita ƙidayar hannu. Jinkiri da kurakurai su ne abin da wannan hanya ke haifarwa, su kuma jinkiri da kurakurai su ne abincin jita-jita.

Labarin Tina Peters, magatakardar gundumar Mesa ta jihar Kolorado, ya fi kowanne dacewa da karin maganar mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi. A 2021 ta ba wani baƙo damar shiga ɗakin na'urori da katin shaidar wani, aka kwafi abin da ke cikinsu, daga baya kalmomin sirri suka bayyana a intanet. Ta ce tana neman shaidar kutse ne, alhali kutsen da aka tabbatar an yi a gundumar shi ne nata. Dole aka sauya na'urorin, masu biyan haraji na Mesa, waɗanda akasarinsu 'yan Republican ne, suka ɗauki nauyin. A watan Oktoban 2024 kotun jiha ta yanke mata ɗaurin shekara 9.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta mutane. Gudanar da zaɓe sana'a ce da ake koya da daɗewa: sanin wace rumfa ce takardunta kan ƙare da wuri, wace makaranta ce ƙofarta ba ta shigar keken guragu, wace doka ce ta canza bara. A Jojiya, wata mata da 'yarta da suka yi aikin ƙidaya a gundumar Fulton sun sha barazanar kisa har uwar ta bar gidanta, bayan Rudy Giuliani ya yi musu ƙagen cusa ƙuri'un bogi. A Disamban 2023 kotu ta ce ya biya su dala miliyan 148. Binciken da Cibiyar Brennan ta yi a 2024 ya nuna fiye da kashi ɗaya bisa uku na jami'an zaɓe na ƙananan hukumomi sun fuskanci barazana, tsangwama ko cin zarafi. Barazanar baƙo ana iya jurewa. Idan kuwa shugabanninka na gunduma ne ke nuna ka da yatsa a zaman majalisa, sai ka tattara. A Cochise ɗin da muka fara da ita, daraktar zaɓen da ta ƙi bin su Crosby a kan ƙidayar hannun da kotu ta haramta, ta ajiye aiki a farkon 2023. Sabon hannu yakan yi kuskure, kuskuren kuma sai a ɗaga shi a ce ga maguɗin da muke faɗa.

Akwai kuma wurin da tsuntsun da ya ja ruwa, ruwan ya doke shi. Ranar 5 ga Janairu, 2021, aka yi zagaye na biyu na zaɓen sanatoci biyu a Jojiya, bayan an shafe wata biyu ana gaya wa 'yan Republican cewa na'urorin jihar na ɓarayi ne. Wani lauya daga cikin masu faɗin haka, Lin Wood, ya fito fili ya ce kada su yi zaɓe. Fitowar jama'a ta fi raguwa a yankunan karkara da Trump ya fi ƙarfi, Jon Ossoff da Raphael Warnock na Democrat suka ci, rinjayen Majalisar Dattawa ya koma hannun jam'iyyarsu.

Na san abin da ke ran mai karatu a nan. Mu da muka ga an soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, muka ji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince da kansa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, ba za a koya mana cewa duk mai shakkar sakamako mahaukaci ne ba. Haka ne. A Amurkar ma shakka ba gadon jam'iyya ɗaya ba ce: Stacey Abrams ta Democrat ta ƙi yarda cewa an yi mata adalci a zaɓen gwamnan Jojiya na 2018. Amma ɗan takara da ya faɗi yana da haƙƙin ya yi kuka, ya je kotu, ya ci ko ya sha kaye. Mai riƙe da akwati matsayinsa dabam ne, domin shi ne shaidar da kotu za ta kira. Ba ya zama shaida kuma mai ƙara a shari'a ɗaya. Mun ga kishiyar wannan cuta a Adamawa a watan Afrilun 2023, lokacin da kwamishinan zaɓe na jiha, Hudu Yunusa-Ari, ya sanar da Aishatu Binani a matsayin gwamna tun ba a gama tattara sakamako ba, aikin da ma ba nasa ba ne, INEC ta soke sanarwar. Shi ya sa hannu inda bai kamata ba, su Crosby sun janye hannu inda ya wajaba. A duka biyun jami'i ne ya ɗauki abin da yake so ya ɗora a kan abin da aka ƙirga.

Zaɓen 2024 ya ƙara fito da wannan fili. Kafin zaɓen, mutum uku a hukumar zaɓen jihar Jojiya, waɗanda Trump ya yabe su da sunayensu a wani gangami a Atlanta, suka kafa ƙa'idojin da za su ba jami'an gunduma damar yin nasu binciken kafin sa hannu. Kotuna suka dakatar da su, wani alƙali kuma ya fayyace cewa tabbatar da sakamako wajibi ne. Sai Trump ya ci. Na'urorin su ne dai na da, ma'aikatan ma da yawansu su ne, amma aka sa hannu ko'ina cikin lumana. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin waraka. Ni ban ga waraka ba, tunda ba a gwada mara lafiyan da abin da ke tayar masa da ciwon ba.

Inda aka gwada shi kuwa, ya tashi. A wannan zaɓen na 2024, a jihar Karolina ta Arewa, Allison Riggs ta Democrat ta kayar da Jefferson Griffin na Republican a takarar kujerar kotun ƙolin jiha da ƙuri'u 734, aka sake ƙidaya har sau biyu tazarar ba ta gushe ba. Griffin, wanda shi kansa alƙali ne a kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, bai ce an yi satar ƙuri'a ba. Ya nemi a zubar da ƙuri'u fiye da 60,000 na mutanen da suka bi duk ƙa'idar da aka gindaya musu ranar zaɓe, akasari saboda babu wata lambar shaida a bayanan rajistarsu, sai kuma sojoji da mazauna ƙetare daga wasu zaɓaɓɓun gundumomi da Democrat ke da rinjaye. Iyayen Riggs ma suna cikin jerin. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta goyi bayansa, kotun ƙolin jihar ta ba shi wani ɓangare na abin da ya nema. Sai da wani alƙalin tarayya, Richard Myers, wanda Trump ya naɗa, ya yanke cewa ba a sauya ƙa'ida bayan an gama zaɓe, sannan Griffin ya haƙura. Wannan ya faru ne a watan Mayun 2025, wata shida bayan mutanen nan sun jefa ƙuri'unsu, kuma a tsawon lokacin da yawansu suna bin wani dogon jeri a intanet suna neman sunayensu, su ga ko tasu ƙuri'ar tana cikin waɗanda ake so a zubar.